Shuka Tabar Wiwi a Cikin Gida: Tambayoyin da Mazauna Jos Suka Fi Yi, da Amsoshinsu

Jos gari ne na masu son shuka, kuma da wuya ka shiga gida a Rayfield ko Unguwar Rogo ko Tudun Wada ba ka tarar da bokiti ko buhu da aka dasa wani abu a ciki ba. A 'yan shekarun nan wata tambaya ta riƙa maimaituwa a bakin matasa masu sha'awar lambu, da iyaye, da masu gidajen haya, wato batun shuka tabar wiwi a cikin ɗaki kamar yadda ake gani a bidiyon ƙasashen waje. An tattara tambayoyin da suka fi yawa a nan, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

Me ake nufi da noman wiwi a cikin ɗaki, kuma ta ina maganar ta shigo mana?

A ƙasashen da sanyi ke hana shuka a waje tsawon watanni, mutane sun saba renon tsiro a cikin gida da hasken fitilar lantarki, tun daga furanni har zuwa tumatir. Da wasu daga cikin ƙasashen suka sassauta dokarsu a kan wiwi, sai masu wannan sha'awa suka shigar da ita cikin abin da suke reno, suka kuma cika YouTube da Instagram da hotunan ɗakunansu. Ta wannan ƙofa maganar ta iso wayoyin samarinmu.

A Najeriya noman wiwi ba sabon abu ba ne, amma a dazuzzukan jihohin Ondo da Edo da Osun da Delta aka san shi, inda hukuma ke shiga lokaci zuwa lokaci tana ƙone gonaki. Abin da ya zo sabo shi ne tunanin cewa tushe biyu a cikin tukunya, a bayan labule, ba noma ba ne, wasa ne kawai. Amsa ta gaba ta nuna cewa doka ba ta san wannan bambanci ba.

Doka ta yarda mutum ya shuka ko da tushe ɗaya ne, don kansa, ba don sayarwa ba?

Ba ta yarda ba. Dokar tabar wiwi ta 1966, wadda gwamnatin soja ta Janar Aguiyi-Ironsi ta kafa, ta haramta shuka kowane tsiro na dangin wiwi, kuma ba ta ware wani adadi da za a ce ƙasa da shi babu laifi ba. Dokar da ta kafa hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989 ta sake jaddada haramcin, domin sashe na 11 nata ya jera shukawa da renon tsiron a layi ɗaya da shigo da ƙwaya daga waje da sarrafa ta. Sashen ya ambaci hodar iblis da wasu ƙwayoyi da sunayensu, sannan ya ce "da makamantansu", kuma kotunan ƙasar nan sun daɗe da yanke cewa wiwi tana cikin makamantan.

Cewa a cikin ɗakinka ne, ko cewa ba ka taɓa sayar wa kowa ba, magana ce da lauya zai iya kawowa lokacin neman sassauci, amma ba ta goge laifin. Haka kuma wannan doka ta tarayya ce, saboda haka babu gwamnatin jiha, ko ta Filato ko wata, da ke da ikon ba ka izini.

Wane hukunci ne ke kan wanda aka kama?

Dokar 1966 a yadda aka fara rubuta ta ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga mai shukawa, kuma an yi mata gyare-gyare a 1975 da 1984. A yau yawancin shari'o'in ana kai su ne ƙarƙashin dokar NDLEA a gaban Babbar Kotun Tarayya, wadda ke da zama a nan Jos. A wannan doka hukuncin shukawa yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai, mallaka ko sha kuwa shekara 15 zuwa 25 aka rubuta. Dokar ta kuma ba da damar ƙwace dukiyar da aka samu ta hanyar laifin ko aka yi amfani da ita wajen aikata shi.

Gaskiya ne alƙalai sukan duba yawan abin da aka kama da kuma ko karon farko ne, har su yanke abin da bai kai wanda ke rubuce ba. Sai dai wanda ya dogara da wannan ya manta da abin da ke zuwa kafin hukunci: tsarewa, neman beli, kuɗin lauya, da zaryar kotu ta wata da watanni. Bayan hukunci kuma sunan mutum ya shiga kundin masu laifi, abin da zai biyo shi ranar da zai nemi aikin gwamnati ko biza. Ga ɗalibi, kora daga makaranta takan riga kotu zuwa.

To me ya sa a Kanada da Jamus ake shukawa a fili ba wanda ya damu?

Domin majalisunsu sun zauna sun canza doka, tamu kuwa ba ta canza ba. Yurugwai ce ta fara a 2013, ta ba kowane gida damar tushe shida bayan rajista. Kanada ta biyo baya ranar 17 ga Oktoba, 2018, da tushe huɗu ga kowane gida, amma ko a can lardin Kebek ya hana shukawa a gida, kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta goyi bayansa a 2023. Jamus ta yarda da tushe uku ga kowane baligi daga 1 ga Afrilu, 2024. A Afirka ta Kudu kotun tsarin mulki ce ta yanke a 2018 cewa ba laifi ba ne baligi ya shuka don amfanin kansa a keɓe. A Amurka wasu jihohi sun halatta shan ta, Kolorado da Washinton tun 2012, alhali dokar tarayya ba ta halatta shan ta don nishaɗi ba.

Mai kallon bidiyo daga Jos ba ya ganin ƙa'idojin da ke kewaye da wannan sassauci, irin su iyakar shekaru, da hana sayarwa ba lasisi, da wajabcin nesanta ta daga yara. Kuma ko ɗan Najeriyar da ke zaune a Toronto, wanda ya shuka bisa dokar can, idan ya sa ganyen a jakarsa ya nufo gida ya karya dokar ƙasashen biyu, domin Kanada ma ta haramta ƙetare iyakarta da wiwi.

An ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire wiwi daga jerin miyagun ƙwayoyi. Haka ne?

Rabin labarin aka ji. A Disamba 2020 hukumar Majalisar mai kula da ƙwayoyi ta kaɗa ƙuri'a, 27 suka amince 25 suka ƙi, aka cire wiwi daga jadawali na huɗu na yarjejeniyar 1961, wanda ya ƙunshi ƙwayoyin da ake ganin haɗarinsu ya yi yawa kuma amfaninsu a magani kaɗan ne. Amma an bar ta a jadawali na ɗaya, wanda shi ma na abubuwan da ake tsananta wa sa ido ne. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka ƙi amincewa.

Ni don magani nake so, ko kuma irin da aka ce ba ya sa maye. Shi ma laifi ne?

Tsiron yana ɗauke da sinadarai da yawa, biyu suka fi shahara: THC mai sa maye, da CBD wanda ba ya sa maye. Wasu ƙasashe sun raba tsakanin irin da ake sha da irin masana'antu da ake noma don zare da mai, suka sa ma'aunin cewa THC kada ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari. Amurka ta yi haka a 2018, Gana ma ta bi wannan ma'auni. Lesoto ta fara ba kamfanoni lasisin noman magani a 2017, Maroko ta yi doka a 2021. Dokar Najeriya kuwa dangin tsiron gaba ɗaya ta ambata, ba ta ce wannan iri mai ƙarfi ne wancan mai sauƙi ba.

Marigayi Rotimi Akeredolu, gwamnan Ondo, ya yi ta kira a halatta noman don magani da fitarwa waje, har ya je Tailan a 2019 ya ga yadda suke yi, kuma an gabatar da ƙudirori a Majalisar Wakilai a kan batun, amma babu wanda ya zama doka. Ko da ma a ce wata rana an amince, abin da ake magana a kai lasisi ne ga kamfanoni, ba tukunya a ɗakin kwana ba. Game da magani kuma, akwai maganin CBD da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani na yara, amma tacacce ne, awonsa sananne, likita ke rubuta shi. Ganyen da aka tsinko a gida ba wanda ya san abin da ke cikinsa, kuma mai farfaɗiya ko ciwo mai tsanani da ya bar maganin asibiti ya koma gare shi yana wasa da ransa.

Idan iri kawai na yi oda ta intanet, ban shuka ba tukuna fa?

Dokar ta fassara wiwi da cewa tsiron ne ko wani sashe nasa, kuma iri sashe ne. Idan daga waje ya fito, maganar ta koma shigo da ƙwaya, wadda ke ƙarƙashin sashe na 11 ɗin nan da aka yi bayani a baya. Jami'an NDLEA suna aiki a filayen jiragen sama da kamfanonin aika saƙo, kuma kunshin yana ɗauke da suna da lambar wayar wanda zai karɓa. Wannan ya shafi har wanda aboki ya roƙa ya karɓar masa saƙo da sunansa, don haka kada ka sa hannu a kunshin da ba ka san cikinsa ba.

Ni mai gida ne. Idan ɗan haya ya shuka a gidana, ina da laifi?

Sashe na 12 na dokar NDLEA ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25 ga mazaunin gida ko mai kula da shi da ya bari a yi amfani da wurin wajen ajiye ƙwaya ko ɓoye ta ko sarrafa ta. Kalmar da ke da nauyi a nan ita ce "bari". Mai gidan da bai sani ba yana da hujja, amma a gaban masu bincike zai kafa ta, kuma kafin nan an iya rufe gidan. Wanda ya gani ya kawar da kai saboda ɗan hayan ba ya makara da biya, shi ne ya sa kansa a tsaka mai wuya.

Abin da ya kamata shi ne a rubuta a takardar yarjejeniyar haya cewa ba a yarda da duk abin da doka ta hana ba, kuma mai gida ko wakilinsa yana da damar duba gida bayan ya ba da sanarwa. Idan ka ga abin da ya tayar maka da hankali, kada ka fasa ƙofa, kada kuma ka tuge tsiron ka ɗauke shi da hannunka, domin a lokacin kai ne ke riƙe da shi. Ka fara tabbatar da abin da ka gani, kamar yadda amsa ta gaba ta nuna, sannan ka sanar da mai unguwa da ofishin hukumar. Masu zaman gidan haya na haɗaka, inda tsakar gida ɗaya ce, su ma wannan ya shafe su, tunda idan aka zo kame ba a tsayawa tambayar tukunyar wa ce sai an isa ofis.

Maƙwabcina ya ce ramar da na shuka wiwi ce. Yaya ake bambance su?

Wannan rikici ya fi yadda ake zato faruwa, kuma maƙwabcin ba shi kaɗai ya ruɗe ba, domin masana tsirrai ma saboda wannan kamanni suka raɗa wa rama sunan kimiyya mai ɗauke da sunan wiwi. Ganyen saman rama yana rabuwa kamar yatsun hannu, amma idan ka duba da kyau yatsun a haɗe suke daga gindi, ganye ɗaya ne aka tsattsaga, kuma na ƙasa sau da yawa ba su rabu ba sam. Ganyen wiwi kuwa kowane yatsa daban yake fitowa daga wuri ɗaya, siriri, bakinsa kamar haƙoran zarto.

Fure shi ke raba gardama. Rama 'yar uwar kuɓewa da yakuwa ce, furenta babba ne, fari-fari ko ruwan ɗorawa, tsakiyarsa ja mai duhu. Wiwi ba ta yin irin wannan fure. Jikin rama yana da 'yan ƙayoyi, ganyenta yana da tsami, kuma ba ta da warin nan mai ƙarfi. Ganyen rogo ma yakan ruɗi wanda bai saba ba. Idan zargin ya yi nisa, ka kira dattijon unguwa ko wata gwaggo da ta daɗe tana kwaɗon rama ta duba; ba za ta ɗauki minti guda ba.

Wasu suna cewa ta gida ta fi ta kasuwa tsabta, ba ta da illa. Gaskiya ne?

Akwai ƙamshin gaskiya a farkon maganar. Abin da ake sayarwa a lungu da sunan Kolos ko Kolorado sau da yawa ganye ne da aka fesa wa sinadarin da aka haɗa a masana'anta, kuma shi ke sa a ga saurayi yana birgima a titi. Amma kuskure ne a ɗauka cewa illar wiwi daga gauraye kaɗai take zuwa. THC ɗin da tsiron ke yi da kansa shi ne ke taɓa ƙwaƙwalwa, kuma irin da aka inganta don ɗaki, wanda ake kira Laud a kasuwa, ya fi na daji ƙarfi nesa ba kusa ba.

Likitoci sun kiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin goma na masu sha yakan kamu har ya kasa bari, kuma adadin yakan kai kusan ɗaya cikin shida ga wanda ya fara tun yana matashi. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Shan mai ƙarfi kullum yana ƙara haɗarin taɓin hankali, musamman ga wanda akwai ciwon a danginsu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. Wanda abin yake a ɗakinsa, ba kuɗi ba tafiya, shansa ƙaruwa yake yi.

Ban da doka, akwai wani haɗari ga gidan kansa?

Akwai, kuma wannan ya shafi duk mai renon tsiro da fitila, ko latas ne. Wayoyin yawancin gidajen haya ba a ja su don ɗaukar kaya masu cin wuta awa da awanni ba, ga kuma wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi. Ruwa da soket a ɗaki ɗaya rufaffe hanyar gobara ce. Danshi kuma yakan sa bango ya yi funfuna, musamman a damunar Jos da ke farawa wajen Afrilu ta kai Oktoba, kuma mai asma shi zai fara ji a ƙirjinsa. Ga kuɗi: tun Afrilu 2024 masu layin da ake kira Band A ke biyan sama da naira 200 a kan kowane yunit, wato na'urar da ke jan wat 500 na awa 12 kullum za ta ci yunit 180 a wata, fiye da naira dubu 36.

Me addini ya ce?

Hadisi ingantacce ya ce duk abin da ke sa maye giya ne, kuma duk giya haramun ce. Malamai sun daɗe da shigar da wiwi ƙarƙashin wannan hukunci, kuma Ibn Taimiyya ya yi magana a kanta da tsanani tun ƙarnoni da suka wuce. Shukawa don sha ko don a ba wani ta faɗa cikin hanin da ke aya ta 2 ta Suratul Ma'ida game da taimakekeniya a kan saɓo. Hujjar cewa "ai tsiro ne, Allah ya halicce shi" ba ta tsayawa, tunda zaƙami ma tsiro ne. Majami'un Filato su ma suna wa'azi a kan maye da wannan murya.

Na gano ɗana ko ƙanena yana reno a ɗakinsa. Me zan yi?

Duka da kora daga gida sukan tura yaro wurin waɗanda suka koya masa. A zaunar da shi lokacin da hankali ya kwanta, mahaifi ko kawu ko yayan da yake jin nauyinsa, a tambaye shi kai tsaye: "Ɗana, sha kake yi, ko gwaji ne, ko wani ne ya ba ka ajiya?" Amsar ce za ta nuna hanya. Tsiron dai ba zai ci gaba da zama a gidan ba, domin kamar yadda aka nuna a amsar masu gida, barinsa bayan an sani yana jawo laifin kan magidanci.

Idan ya riga ya kamu da sha, magana ta koma ta asibiti. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Hukumar NDLEA, wadda makarantar horar da jami'anta ke nan Jos, tana da sashen ba da shawara da gyaran hali, kuma a ƙarƙashin Janar Buba Marwa, da ya karɓi shugabancinta a 2021, ta buɗe layin waya na kyauta don masu neman taimako. A guji gidajen mari da ake ɗaure mutane da sarƙa. Idan yaro ya daina barci, ko yana jin muryoyi, ko yana zargin kowa da neman ransa, a kai shi asibiti a ranar.

Sha'awata ta renon tsiro ce kawai. Me zan shuka a cikin gida wanda doka ba ta hana ba?

A nan mutumin Jos ya fi na Kanada sa'a, domin abin da shi yake sayen fitila don samu, kai kana da shi kyauta a bakin taga. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, shi ya sa latas da kabeji da karas da koren wake ke cika kasuwar Farin Gada, har ana noman sitiroberi a Chaha, wajen Vom. Na'a-na'a ita ce ta mai farawa: ka yanko reshe ka tsoma a kofin ruwa, cikin mako ɗaya ko biyu zai fitar da saiwa, amma a ba ta tukunyarta ita kaɗai don tana mamaye wuri. Ɗoɗɗoya da lansir da albasa mai lawashi da alayyafo duk suna yi a bokiti. Tumatir da attaruhu suna son rana ta awa shida ko fiye, don haka baranda ko tsakar gida ta fi musu ɗaki.

Abin da ya fi kashe shukar tukunya shi ne yawan ban ruwa. A huda gindin bokitin, a haɗa ƙasa mai kyau da yashi kaɗan da takin da ya ruɓe sosai, domin ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. Kafin ka zuba ruwa ka tura yatsa cikin ƙasar, idan da danshi ka bari sai gobe. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, a matsar da tukwane daga bakin iska da daddare, a kuma goge ƙurar hazo daga ganye. Da damuna a shigar da su ƙarƙashin rumfa idan hadari ya haɗo, saboda ƙanƙarar da kan sauka a Filato tana iya tsattsaga latas cikin 'yan mintuna. Wanda ke son dashe mai kyau ya nemi masu renon furanni da ke bakin manyan titunan gari, ko ya tuntuɓi Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Jos.